Za mu iya ɗaukar takardun tantance girman yara na ƙasar Filifin mu mayar da su Hausa?

Malama Saratu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitocin yara da malaman makarantun masu buƙata ta musamman da ke wannan zaure, da kuma iyayen da abin ya taɓa shafa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wata cibiya ta matakin farko a wajen garin Sakkwato, kuma mafi yawan aikina rigakafi ne da awon yara. Muna auna nauyi, muna auna damtse domin gano tamowa, muna cike kati, amma ba mu da wata tsayayyar hanya ta gane yaron da ya makara wajen riƙe wuya ko zama ko magana, balle wanda ba ya ji. Sai dai uwa ta kawo kuka da kanta, kuma galibi ba ta kawowa sai yaro ya kai shekara uku ko huɗu, lokacin da sa'o'insa suka fara zuwa makarantar allo shi kuwa yana zaune a gida.

A wani horo da aka yi mana an ambata cewa a ƙasar Filifin an fassara takardun tambayoyi na tantance girman yara zuwa harshensu, har ƙananan ma'aikata na unguwa suna aiki da su domin gano nakasa tun da wuri. Maganar ta zauna mini a rai, domin na ji cewa su ma ƙasa ce mai harsuna barkatai, kuma ƙwararrun likitocinsu sun taru a manyan birane kamar yadda namu suka yi. Abin da nake so in sani shi ne, mene ne ainihin abin da suka fassara, kuma ta wace hanya suka bi? Sannan idan na samo takardar tasu, na zauna da wani malamin Hausa muka mayar da ita harshenmu, zan iya fara yi wa iyaye mata tambayoyin a ranar rigakafi? Ba na son in tsoratar da uwa a kan ɗanta lafiyayye, ba na kuma son in ci gaba da sallamar yaran da ke buƙatar taimako ina ce musu Allah ya raya.

Dakta Aminu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan tunani. Abin da aka faɗa muku a horon ya haɗa abubuwa biyu ne da ya kamata a raba su.

Na farko su ne takardun da aka ƙirƙira a Amurka, aka fassara su zuwa harsuna da yawa, ciki har da Tagalog, wanda shi ne tushen harshen ƙasa da suke kira Filipino. Akwai PEDS, tambayoyi 10 da Frances Glascoe ta tsara domin jin damuwar iyaye game da yaro daga haihuwa zuwa shekara 8. Akwai M-CHAT, wadda Diana Robins da abokan aikinta suka tsara, tambayoyi 20 na e ko a'a a sabon zubinta, ga yara masu wata 16 zuwa 30, domin hango alamun lalurar otizim da wasu ke kira galahanga. A cikin wannan zubi na takardun Amurka akwai kuma ASQ ta jami'ar Oregon, wadda ta fi su faɗi: takardu 21 ne daban-daban gwargwadon shekarun yaro, daga wata 1 zuwa wata 66, kowace da tambayoyi 30.

Na biyu kuwa, wanda a ganina shi ne abin koyi, ba fassara ba ne ko kaɗan. Mutanen Filifin sun gina tasu takardar da kansu, wadda aka sani da ECCD, suka gwada ta a kan yaransu sama da 10,000 a shekarar 2001, suka fitar da ma'auni daga abin da yaran ƙasarsu ke iya yi a kowane mataki. Kashi biyu ce, ɗaya daga haihuwa zuwa shekara 3, ɗaya daga nan zuwa dab da shekara 6, kuma tana duba fannoni bakwai: motsin manyan gaɓoɓi, aikin yatsu, yi wa kai hidima, fahimtar magana, furta magana, tunani, da zamantakewa. Wannan takarda ba a iska take rataye ba. Tun 1990 dokarsu ta ce kowane barangay, wato ƙaramar gunduma mafi kusa da jama'a, ya kasance da wurin rainon yara. A 2000 suka yi dokar kula da ƙananan yara, suka sabunta ta a 2013. A 2009 kuma suka yi dokar gwada jin kowane jariri. Saboda haka mai cike takardar ta san ofishin da za ta miƙa sakamakon, ko da yake su ma suna fama da dogon layi wajen ganin ƙwararru, musamman a tsibiran da ke nesa da Manila.

Game da tambayarki ta biyu, amsata ita ce kada ki fassara daga tasu. Idan takardar asalinta ta Amurka ce, to fassarar Tagalog ta riga ta karkata zuwa rayuwar mutanen can, kuma fassara a kan fassara tana ninka kuskure ne. A koma ga ta asali, a nemi izinin masu ita, domin ASQ da PEDS na sayarwa ne, M-CHAT kuma ko da yake kyauta ake saukar da ita, masu ita suna da ƙa'idojin fassara. Idan kuwa ECCD ce, tambayoyin za su iya ba mu haske, amma makin da ke raba lafiyayye da mai jinkiri na yaran Filifin ne, ba na yaran Wamakko ko Bodinga ba.

Hanyar da ake bi sananniya ce. Mutum biyu su fassara zuwa Hausa kowa shi kaɗai, a daidaita fassarar tasu, sannan wani na uku wanda bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita harshen farko domin a ga inda ma'ana ta zame. Daga nan likitan yara da malamin harshe da ma'aikata irinku su zauna a kanta. Sai a karanta wa iyaye mata kaɗan, a riƙa tambayar kowace abin da ta fahimta da kowace tambaya. Matakin ƙarshe shi ne mai tsada, kuma shi aka fi tsallakewa: a yi wa yara masu yawa tantancewar, sannan ƙwararre ya duba su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya san makinsu ba, a kwatanta.

Ga dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan. Ana ɗaukar takarda a matsayin mai kyau idan tana kama kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na masu matsala, tana kuma wanke kwatankwacin haka na lafiyayyu. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, kin tantance yara 100, kuma 10 daga cikinsu suna da jinkiri na gaske. Takarda mai kashi 80 za ta kama 8, ta bar 2 su wuce, sannan ta ɗaga tuta a kan lafiyayyu 18. Ke nan iyaye 26 za ki tura asibiti, alhali 8 ne kawai ke da abin da ake nema. Wannan ita ce takarda mai kyau wadda aka gwada. Wadda ba a gwada ba, babu wanda zai iya gaya miki yawan gidajen da za ta hana barci a banza. Shi ya sa ma M-CHAT take da zagaye na biyu: yaron da ya sami maki 3 zuwa 7 ba a tura shi kai tsaye, sai an sake zama da mai rainonsa an bi tambayoyin da ya faɗi dalla-dalla. Kuma ko wace takarda ce, tantancewa take yi, ba ta yanke hukuncin cewa yaro yana da cuta kaza.

Baba Malam Shehu ya amsa:

Likita ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni tsohon malami ne, na yi aikina da yara kurame da masu jinkirin fahimta har na yi ritaya, kuma abin da zan ƙara ya shafi gidan da yaron ya fito ne, domin ina ganin ko an bi duk matakan da Likita ya lissafa, aikin zai iya lalacewa a bakin ƙofar ɗakin awo.

'Yata Saratu, waɗannan takardu an gina su ne a kan zaton cewa uwa ce ta fi kowa sanin ɗanta, kuma za ta faɗi abin da ta sani a fili. A wurinmu duka biyun suna da sharaɗi. Ki duba ɗan fari. Uwa tana jin kunyarsa, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, kuma a gidajen Fulani abin ya fi haka tsanani. Idan kika tambaye ta a gaban mutane ko yaron yana yi mata murmushi idan ta yi masa, ko yana waiwayowa idan ta kira sunansa, sunkuyar da kai za ta yi ta ce ba ta lura ba, ke kuma ki rubuta a'a. Yaron lafiyarsa lau, tambayar ce ta faɗa hannun wadda al'ada ta ɗaure wa baki. Haka kuma yaron da ya ci sunan kakansa, ba a kiransa da sunan da ke kan kati. Abba ake ce masa ko Baba ko wani laƙabi, kuma idan kika gwada shi da sunan yanka ba zai juyo ba.

Sai batun yaye. Watannin da Likita ya ambata, 16 zuwa 30, su ne daidai lokacin da ake cire yaro daga nono, a gidaje da yawa kuma a kai shi wurin kaka ya yi kwanaki ko watanni. Yaron da aka yaye jiya yakan yi shiru, ya ƙi wasa, ya ƙi mutane, wani ma ya koma baya a abin da ya riga ya iya. Wanda ya tantance shi a wannan mako zai ga abin da babu. Kuma ko ba a yaye ba, wadda ke goyonsa tun safe har yamma sau da yawa yayarsa ce 'yar shekara tara, ita ce ta san ko yana nuna abu da yatsa, ita ce ta san kalmomin da yake faɗa. Don haka tambayar farko a takardarmu ta Hausa ya kamata ta zama: wa ke wuni da yaron nan?

Akwai kuma tsoron baki. Uwa ba ta son ta zauna a cikin taron mata tana lissafa abin da ɗanta ya iya, kada a yi masa baki, ba ta kuma son ta faɗi abin da ya kasa, kada labari ya riga ta isa gida, kishiya ta ji, ko a fara raɗe-raɗin cewa ɗan ruwa ne. Amsar da ta fi mata sauƙi ita ce lafiya lau. Wannan ba a gyara shi da fassara, sai da labule da sassauta murya.

Kayan da ke cikin tambayoyin su ne mafi sauƙin gyara. Inda aka ce hawa matakalar bene, muna da dakali da turmi. Inda aka ambaci injin share ɗaki mai ƙara, muna da injin markaɗe da janareta. Yarinyar da ta goya takalmi ko totuwar masara tana jijjigawa ta yi wasan kwaikwayon da ake nema. Amma ina jan hankali a kan tambayar kallon ido. Za ki ji masu cewa a cire ta saboda tarbiyyarmu ta hana yaro kallon babba ido cikin ido. Wannan gaskiya ne ga ɗan shekara bakwai. Ɗan wata goma sha takwas bai san kunya ba tukuna, yana kallon uwarsa idan yana shan nono, yana kallonta idan ya ga baƙon abu, kuma wanda ba ya yin haka ya cancanci a duba shi. Kada mu fake da al'ada mu rufe ido a kan alama ta gaskiya.

Daga ƙarshe, yawancin matan da ke zuwa wurinki ba za su cike takarda da kansu ba, karanta musu za a yi. To a rubuta ta yadda za ta karantu da baki, da Hausar da matan ƙauyukanmu ke ji, ba Hausar jarida ba, a kuma tanadi ta Fulatanci da ta Zabarmanci. Mutanen Filifin ma Tagalog bai ishe su ba, domin mai jin Sebuwano ko Ilokano ba lalle ne ya gane ta yadda ake so ba.

Maman Khalifa ta amsa:

Ni ba ma'aikaciya ba ce, uwa ce, kuma ɗana kurma ne. Ina roƙon Likita da Baba su yi mini haƙuri, amma ina jin tsoron kada dogon shiri ya sa a fasa aikin gaba ɗaya.

Tun kafin ya shekara na lura ba ya firgita idan ƙofa ta buga, kuma gwarancin da ya fara ya tsaya. Na faɗa a gida aka ce gado ne, mahaifinsa ma ya makara bai yi magana ba. Na faɗa a wani wurin awo, ma'aikaciyar ta tafa hannu a gabansa, ya kalle ta, ta ce ai ga shi yana ji, alhali hannunta ya gani. Babu wanda ya yi mini mugunta, kowa kwantar mini da hankali yake yi, amma da wannan kwantar da hankalin muka kai lokacin da sa'o'insa ke ba da labari shi ko Mama bai taɓa faɗa ba. Daga baya na ji cewa ƙa'idar da ake bi a wasu ƙasashe ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Na yi kuka da na ji haka. Yanzu yana makaranta, ya iya maganar hannu, mu ma mun koya, amma shekarun da ya yi ba shi da kowane harshe, ba na baki ba, ba na hannu ba, har yau suna nunawa a karatunsa.

Likita ya yi maganar iyaye 18 da za a tayar wa hankali a banza. Na yarda akwai zafi, amma zafin kwana kaɗan ne, kuma da an ba ni zaɓi da na zaɓe shi. Abin da nake roƙon Malama Saratu shi ne, idan kin ga alama, kada ki bar uwa ta kai labarin gida ita kaɗai. Ba ita ke da izinin fita ba, ba ita ke da kuɗin mota ba, kuma idan ta faɗa za a ce ta cika ƙorafi. Ki rubuta takarda zuwa ga maigida, ko ki nemi ya zo ki yi masa bayani da bakinki. Kuma ki faɗa musu wurin da za su je da ranar da ake ganin yara, domin cewa ku tafi babban asibiti kawai daidai yake da cewa ku koma gida.

Malam Bashir ya amsa:

Hajiya, Allah ya raya Khalifa, ya sa ya zama abin alfahari. Ni aikin gashin gaɓoɓi nake yi, kuma yawancin yaran da ake kawo mana masu shanyewar gaɓoɓi ne sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kawowa bayan gaɓoɓin sun riga sun ƙage. Ina tare da Likita cewa kada a ɗauki maki daga wata ƙasa a yanke hukunci da shi, amma ina tare da Hajiya cewa jira ma yana da farashi. Binciken da ƙungiyar masana ta wallafa a 2018, wanda Dakta Bolajoko Olusanya ta Legas ta jagoranta, ya ƙiyasta cewa a 2016 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 53 ne ke da nakasar da ta shafi girma a duniya, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu.

Akwai abin da Malama za ta iya farawa da shi ba tare da takarda mai maki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe biyar, ciki har da Ghana, ta fitar da sakamako a 2006 cewa lafiyayyen yaro yana zama da kansa tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, yana tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 zuwa dab da wata 18. Ikon Allah, ranakun rigakafinmu sun faɗo a wurin da ya dace: bayan na mako 6 da 10 da 14, akwai na wata 9 da na wata 15. Yaron da ya zo allurar ƙyanda ta wata 9 bai iya zama ba, ko jikinsa ya saki, ko ya sandare yana harɗe ƙafafu, ko hannu ɗaya kawai yake miƙawa ɗayan a dunƙule, wannan ba ya buƙatar lissafi kafin a tura shi. Haka wanda ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya tafiya ko ba shi da kalma ko ɗaya, da wanda ya rasa abin da ya riga ya iya, ko a wane wata ne.

Sannan a tambayi tarihi, domin a yankinmu sanadin sananne ne: jaririn da bai yi kuka da wuri ba bayan doguwar naƙuda, wanda shawara ta kama a kwanakin farko har idonsa ya yi ɗorawa, bakwaini, wanda ya yi sanƙarau kamar yadda muka gani a annobar 2017, wanda zazzaɓin cizon sauro ya sa shi jijjiga ya suma, da wanda ya yi tamowa mai tsanani. Waɗannan a sa musu alama a kati, a riƙa duba su a kowane zuwa.

Wuraren turawa muna da su, ko da ba su wadatar ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ga kuma makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman idan yaro ya kai munzalin karatu. Idan kuma za a yi aikin takarda ta Hausa, ina ba da shawarar a duba ta ƙasar Malawi, MDAT, wadda Melissa Gladstone da abokan aikinta suka wallafa a 2010. Abubuwa 136 take dubawa a fannoni huɗu, kuma a ƙauyukan Afirka aka gina ta, bayan an zauna da mutanen ƙauye an tambaye su abin da suke sa ran yaro ya iya a kowane mataki. Rayuwar da ta fito daga ciki ta fi kusa da tamu.

Malama Saratu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fahimci cewa zan fara da alamomin da Malam Bashir ya faɗa, in ware wuri mai sirri kamar yadda Baba ya ce, in kuma riƙa rubuta wa magidanta takarda. Saura abu ɗaya da ke damuna, Likita. Duk abin da kuka faɗa a kan watanni yake tafiya, wata 9, wata 18, wata 30, mu kuwa yawancin yaranmu a gida aka haife su, wasu ba su da kati, kuma uwa za ta ce mini an haife shi ne da damina ko bayan Sallah. Yaya zan yi da wannan?

Dakta Aminu ya sake amsawa:

Wannan tambaya tana da nauyi, Malama, domin kuskuren wata biyu a shekarun yaro ya isa ya mayar da lafiyayye mai jinkiri ko ya ɓoye mai jinkirin, kuma takarda irin ASQ, da take sauyawa kusan duk bayan wata biyu a shekarun farko, ba ta aiki sam idan ba a san ranar haihuwa ba. Idan akwai kati, ranar allurar farko takan ba da haske. Idan babu, ki yi abin da masu aikin tamowa ke yi: ki rubuta jerin abubuwan da suka faru a yankinku cikin shekaru uku da suka wuce, kowane da watansa na boko a gefensa, wato azumi, Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Mauludi, saukar ruwan farko, girbin gero, shigowar hunturu, ki liƙa a bango. Sai ki matse lokacin da tambaya biyu, abin da ya wuce kafin haihuwar da abin da ya zo bayan suna. Ki tuna cewa uwa da watan sama take ƙirga, kuma shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kwana 11, don haka yaron da ta ce ya cika shekara biyu yana iya kasancewa da sauran kusan mako uku. Bakwaini kuma ana cire masa makonnin da ya rage a ciki har sai ya kai shekara 2. Wanda aka haifa saura wata biyu, idan ya kai wata 9 a duba shi a matsayin ɗan wata 7.

Idan shekarun sun ƙi tabbata kuma yaron yana kan iyaka, ki rubuta abin da ya iya a ranar, ki ba su wata ɗaya ko biyu su dawo, domin yaron da ke gaba ko da a hankali ya bambanta da wanda ya tsaya cik. Wannan sassauci bai shafi wanda ake zargin ba ya ji ko ba ya gani ba, ko mai jijjiga, ko wanda ya koma baya; su a tura su a ranar.

Ina kuma roƙon ki buɗe littafi daban: shekarun yaro, wanda ya amsa tambayoyin da dangantakarsa da yaron, abin da aka gani, inda aka tura shi, da ko sun je ko ba su je ba, tare da dalili. Idan cibiyoyi kaɗan suka riƙe irin wannan littafi na shekara guda, za mu sami abin da za mu kai wa sashen yara na jami'a da hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, mu nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, a fara fassarar da gwajinta yadda ya kamata. Zan tsara miki shafin farko na littafin in sa shi a nan, Baba Malam Shehu kuma ya duba mana lafazin tambayoyin kafin ki fara karanta wa kowa.